LITTAFIN "FRANKENSTEIN" A CIKIN AJI: WA KE DA ALHAKIN ABIN DA ILMI YA HAIFAR?

Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Ikko, da Badun, da Shagamu, da Fatakwal, a nan Kudu 'ya'yansu su ke karatu, kuma sau da yawa littattafan da yaran su ke shigowa da su gida baƙi ne ga iyayen. Duk wanda ɗansa ko 'yarsa ta yi zurfi a karatun adabin Ingilishi, da wuya a gama ba a ci karo da sunan Frankenstein ba. Idan uba ya duba bangon littafin, galibi hoton wani mummunan dodo zai gani, sai ya ɗauka tatsuniyar tsoratar da yara ce a ke ɓata lokaci a kanta. Alhali kuwa littafin ya haura shekara 200 a duniya, har yanzu kuma a na koyar da shi ga masu karatun adabi, har ma da masu koyon aikin likita da injiniya, saboda wata tambaya guda da ya ɗora wa masu ilmi: idan mutum ya ƙago abu da basirarsa, abin nan kuma ya zama masifa ga jama'a, alhakin a wuyan wa ya ke?

YARINYAR DA TA RUBUTA SHI

Wadda ta rubuta littafin sunanta Mary Shelley. An haife ta a birnin Landan ranar 30 ga watan Agusta, 1797. Mahaifinta William Godwin masanin falsafa ne, mahaifiyarta kuwa, Mary Wollstonecraft, ita ce ta wallafa wani shahararren littafi a 1792 na neman a ba mata haƙƙinsu, musamman na ilmi. Uwar ta rasu kwana 11 bayan haihuwar 'yar, watau Mary ba ta san ɗumin uwa ba. Ita kanta kuma ta haifi 'yarta ta fari a 1815, jaririyar ba ta yi wata guda a duniya ba ta koma. Malamin da ya fara da wannan tarihi zai ga ɗalibai sun fi saurin gane dalilin da ya sa maganar haihuwa, da maraici, da yasar da ɗa, ta cika littafin.

A watan Afrilu na 1815 wani dutse mai suna Tambora a ƙasar Indunisiya ya yi aman wuta, toka da hayaƙinsa su ka bazu a sararin sama har su ka dagula yanayin ƙasashen Turai a shekarar da ta biyo baya. Lokacin da Turawa su ka saba samun rana da ɗumi, a 1816 sai ruwa da sanyi su ka yi ta yi, amfanin gona ya lalace. A wannan shekara ce Mary, tana da shekara 18, ta je bakin tafkin Janiba a ƙasar Suwizalan tare da mawaƙin nan Percy Shelley, wanda ta aura a ƙarshen shekarar. A can su ka haɗu da wani babban mawaƙin Ingila, Lord Byron, da likitansa John Polidori. Da ruwa ya hana su fita, sai Byron ya kawo shawara kowa ya ƙago labarin ban tsoro. Mawaƙan biyu ba su yi nisa da nasu ba, yarinyar nan ita ce ta dage har ta kai nata ƙarshe.

An buga littafin a Landan a farkon watan Janairu na 1818, kwafi 500 kacal, cikin juzu'i 3, ba tare da sunan marubuciyar ba, har waɗansu su ka zaci mijinta ne ya rubuta. A bugu na 1823 sunanta ya fito a jiki.

A na lissafa littafin cikin adabin zamanin da Turawa su ke kira Romantik. A nan ya kamata malami ya yi hanzarin gyara wa ɗalibai fahimta, domin da yawa su kan zaci littattafan soyayya a ke nufi. Abin da a ke nufi shi ne wata tafiya ta marubutan Turai daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa wajen 1830, waɗanda su ka ga masana'antu da injuna suna cinye ƙasarsu, su ka ga kuma a na neman a mai da lissafi da gwaji ma'aunin kome, sai su ka juya ga zuciyar ɗan Adam, da tausayi, da girman duwatsu da tekuna waɗanda ke nuna wa mutum ƙanƙantarsa.

ABIN DA LABARIN YA ƘUNSA

Victor Frankenstein ɗan babban gida ne a Janiba. Yana da shekara 17 mahaifiyarsa ta rasu, sa'an nan ya tafi jami'ar Ingolstadt a ƙasar Jamus, inda ya duƙufa a kan ilmin haɗa sinadarai da sanin jikin ɗan Adam. Buri ya kama shi na gano asirin rai. Ya yi kusan shekara 2 yana aiki a ɓoye, ya daina rubuta wa iyalinsa wasiƙa, yana tattara sassan gawa daga maƙabarta da mayanka, har ya harhaɗa wata siffa mai tsawon ƙafa 8. A wani dare na watan Nuwamba siffar ta buɗe ido. Da Victor ya ga muninta, sai ya fita a guje ya bar ta a ɗakin, ko suna bai sa mata ba.

Halittar nan ta shiga duniya ba ta san kome ba, kamar jariri. Duk ƙauyen da ta ratsa sai a bi ta da jifa. Daga bisani ta ɓuya a wata rumfa da ke manne da bukkar waɗansu matalauta, wani tsoho makaho da ɗansa da 'yarsa. Ta wata kafa ta ke leƙensu, har ta koyi magana da karatu. Da ta gane suna fama da yunwa sai ta daina ɗibar abincinsu, ta riƙa yi musu itace da dare tana ajiyewa a bakin ƙofa. Ran da ta yi ƙarfin hali ta je wurin tsohon, ya saurare ta da kyau tun da ba ya ganinta, amma 'ya'yansa na shigowa ɗan ya rufe ta da duka. Bayan wannan ta ceto wata yarinya daga kogi, sakayyar da ta samu ita ce harbin bindiga. Daga nan zuciyarta ta juya.

Ta kashe William, ƙaramin ƙanen Victor, ta kuma jefa abin wuyansa a aljihun wata yarinya mai aiki a gidansu, Justine, a ka kama yarinyar a ka yanke mata hukuncin kisa. Da halittar ta sadu da Victor a kan duwatsun ƙanƙara, ta roƙe shi abu guda, watau ya yi mata abokiyar zama, su tafi dazukan Amurka ta Kudu, ba za a sake jin ɗuriyarsu ba. Victor ya yarda, ya fara aikin a wani tsibiri a arewacin Sikotilan, sa'an nan ya sake tunani ya yayyaga abin da ya haɗa a gaban idonta. Ramuwar gayya ta biyo baya: ta kashe amininsa Clerval, ta kashe amaryarsa Elizabeth a daren aurensu, baƙin ciki kuma ya kashe mahaifinsa. Victor ya bi sawunta har ƙurewar arewacin duniya, inda wani matuƙin jirgin ruwa, Robert Walton, ya tsince shi a kan ƙanƙara yana gab da mutuwa.

KUSKUREN FARKO DA ZA A GYARA

Kusan kowane ɗalibi ya kan shigo aji da zaton Frankenstein sunan dodon ne. Sunan mai ilmin ne, halittar kuwa har littafin ya ƙare ba ta da suna. Wannan ruɗani ya samo asali ne daga wasannin kwaikwayo, waɗanda a ka fara tun 1823, da kuma majigi, musamman wanda a ka yi a Amurka a 1931, inda Boris Karloff ya fito da faffaɗan kai da ƙusoshi a wuya, yana gurnani ba ya magana. A majigin an ce kuskure a ka yi a ka sa masa ƙwaƙwalwar wani mai laifi, watau mugu ne tun daga tushe. A littafin babu wannan. Halittar Mary Shelley tana da fasahar magana har ta fi mai yin ta, ta karanta manyan littattafai 3 da ta tsinta, kuma da kyakkyawar zuciya ta fara rayuwa. Ɗalibin da ya dogara da majigi ya ƙi karanta littafin, a nan za a kama shi.

Har wa yau littafin bai bayyana yadda Victor ya yi aikinsa ba. Da Walton ya nemi ya sani, Victor ƙin faɗa masa ya yi. Amma yana da amfani malami ya nuna wa ɗalibai cewa a zamanin ba a ɗauki abin a matsayin tatsuniya zalla ba. Wani masani a Italiya, Luigi Galvani, ya nuna cewa wutar lantarki tana sa ƙafar mataccen kwaɗo ta motsa, ya kuma wallafa bincikensa a 1791. A 1803 wani ɗan'uwansa, Giovanni Aldini, ya gwada wutar a kan gawar wani mutum da a ka rataye a Landan, muƙamuƙin gawar ya motsa, ido ɗaya ya buɗe. Irin hirar da a ke yi ke nan a gidajen masu ilmi sa'ad da Mary ta ke tasowa.

BAKUNA UKU, LABARI ƊAYA

An gina littafin labari cikin labari. Walton ne ya ke rubuta wa 'yar'uwarsa wasiƙu daga jirgi, cikin wasiƙun Victor ya ba da nasa labari, cikin labarin Victor kuma halittar ta ba da nata. Wannan tsari ya kan rikita masu fara karatu, amma ba baƙo ba ne ga ɗan Bahaushen da ya karanta Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, inda aku ya ke jero labarai a cikin babban labari, ko kuma wanda ya san Dare Dubu Da Ɗaya. Malami na iya zana da'ira 3 a allo, ɗaya cikin ɗaya, ya sa ɗalibai su riƙa faɗin wanda ke magana a kowane babi.

Amfanin wannan ya wuce sanin tsari. Kusan duk abin da mai karatu ya sani game da halittar ta bakin Victor ya biyo, shi kuwa Victor mai kare kansa ne. Saboda haka ɗalibi ya kan koyi tambayar da kowane alƙali ya ke yi: wa ya faɗa, kuma mene ne ribarsa a ciki? Alal misali, Victor ya gargaɗi Walton a kan haɗarin buri, amma da ma'aikatan jirgin su ka nemi a juya gida don kada ƙanƙara ta hallaka su, shi ne ya tashi daga gadon jinya yana zuga su su ci gaba. Ko a maganarsa ta ƙarshe, bayan ya yi wa Walton nasiha, sai ya ƙara da cewa mai yiwuwa wani ya ci nasara inda shi ya kasa. Walton ne kaɗai ya ji kukan mutanensa ya juya jirgin, ya haƙura da sunan da ya fita nema.

SHARI'A A CIKIN AJI

Wata dabara da ta dace da wannan littafi ita ce a mai da aji kotu. A raba ɗalibai gida 3, waɗansu su gabatar da ƙara, waɗansu su yi kariya, sauran su zauna a matsayin masu yanke hukunci, da sharaɗin duk wanda ya yi magana ya nuna shafin da ya samo hujjarsa.

Masu tuhumar halittar suna da hujja mai ƙarfi. Ta kashe yaro ƙarami wanda bai yi mata kome ba, ta kuma ƙulla wa Justine sharri da gangan bayan ta riga ta san bambancin alheri da mugunta. Wulakancin da a ka yi wa mutum ba ya halatta masa jinin wani. Masu tuhumar Victor kuwa za su ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ya yi aikinsa a ɓoye bai shawarci kowa ba, bai tanadi abin da zai yi in aikin ya yi nasara ba, da abin ya motsa kuma ya gudu. Mafi muni, ya zauna a kotu yana kallo a ka yanke wa Justine hukunci alhali a ransa ya san wanda ya yi kisan, ya yi shiru don kada a ce ya haukace.

A nan ne gizo ke saƙar, domin aji ya kan rabu a kan ainihin laifin Victor. Waɗansu za su ce laifinsa shi ne shiga hurumin da ba nasa ba tun farko. Waɗansu kuma za su ce babban laifin ya zo ne bayan aikin, sa'ad da ya yasar da abin da ya zama amana a hannunsa. Littafin yana da hujjar kowane ɓangare, kuma aikin malami shi ne ya tabbatar kowa ya kawo tasa daga cikin shafukan, ba daga son ransa ba.

WURARE BIYU MASU SANTSI

Akwai wurare 2 da malami zai taka a hankali, musamman a ajin da ya haɗa Musulmi da Kirista kamar yadda a ke samu a makarantun Kudu. Na farko, uba mai kishin addini zai iya tambaya yaya za a koya wa ɗansa labarin mutum ya ba gawa rai, alhali rai na Allah ne shi kaɗai. Amsar ita ce labarin ƙage ne, kuma babu inda ya nuna mai wannan buri ya ga alheri. Ƙaramin sunan littafin ma ya kwatanta Victor da Prometheus, wani gwarzo a tatsuniyoyin Girkawa wanda ya sato wuta ya kawo wa mutane, a ka ɗaure shi a jikin dutse yana shan azaba.

Na biyu shi ne labarin wata baƙuwa mai suna Safie, watau Safiya, wadda ta zo bukkar tsohon nan, kuma ta wurin darasin da a ke ba ta ne halittar ta koyi karatu. An nuna mahaifinta, wani attajiri Baturke, a matsayin maci amana, an kuma nuna cewa wai addinin Musulunci ya hana mace ilmi da 'yanci. Ɗalibi Musulmi zai ji zafin wannan, kuma bai kamata malami ya tsallake shafin kamar bai gani ba. Abin da ya fi shi ne a bayyana cewa irin kallon da Turawan wancan zamani su ke yi wa ƙasashen Gabas ke nan, a kuma tuna wa aji cewa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda a ka haifa a 1793, tsarar Mary Shelley ce, kuma ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin koyar da mata. Ta haka ɗalibi zai ga cewa marubuciyar da ta yi kuka a kan yanke wa mutum hukunci ba tare da saninsa ba, ita ma ba ta kuɓuta daga wannan ba.

DAGA LITTAFI ZUWA DUNIYA

Abin da ya hana littafin tsufa shi ne tarihi ya yi ta maimaita tambayarsa. Robert Oppenheimer ya shugabanci masanan da su ka ƙera bam ɗin nukiliya na farko, wanda a ka gwada a Amurka ranar 16 ga Yuli, 1945, a ka jefa a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, a Nagasaki kuma ranar 9. Daga baya ya yi adawa da ƙera wanda ya fi shi ƙarfi, amma abin ya riga ya fita daga hannunsa. A ɗaya gefen kuma, a 1975 masana kimanin 140 su ka taru a Asilomar a jihar Kalifoniya, bayan sun dakatar da waɗansu gwaje-gwajensu na sauya ƙwayoyin gado da kansu, su ka tsara ƙa'idoji kafin su ci gaba. Sun yi abin da Victor ya ƙi yi, watau shawara a fili tun kafin aiki. A 2018 kuwa, shekara 200 daidai da fitowar littafin, wani masani a ƙasar Sin, He Jiankui, ya ba da sanarwar ya sauya ƙwayoyin gadon waɗansu tagwaye tun kafin a haife su, a 2019 kotu ta ɗaure shi shekara 3. Ba banza ba a 2017 maɗaba'ar MIT a Amurka ta fitar da bugu na musamman na littafin, mai ɗauke da sharhi domin masu koyon kimiyya da injiniya.

Mutumin Arewa ba ya bukatar ya tafi nesa neman misali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a Kano. Yara kimanin 200 a ka sa a gwajin, kusan rabi a ka ba su sabon maganin, sauran a ka ba su wanda a ka saba. Yara 11 sun mutu, waɗansu kuma sun nakasa. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin kuwa ya ce cutar ce ta yi ɓarnar ba maganin ba. A 2009 a ka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Wannan al'amari na daga cikin abubuwan da a ka riƙa ambata sa'ad da a ka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, abin da ya jawo cutar ta sake bazuwa. Ɗalibin da ya san wannan tarihi zai gane cewa idan amana ta karye tsakanin mai ilmi da jama'a, har waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su kan biya bashin, kamar yadda Justine ta biya na Victor.

JAN HANKALI GA MALAMAI DA IYAYE

Akwai nau'i 2 na littafin a kasuwa, na 1818 da wanda marubuciyar ta yi wa gyara a 1831. A na farko Elizabeth 'yar gwaggon Victor ce, a na biyu kuwa marainiya ce da a ka ɗauko riƙo. Na biyun ya fi jingina abin da ya faru ga ƙaddara, na farkon ya fi barin nauyin a kan zaɓin Victor. Ya kamata uba ya tambayi wanda makaranta ta ke so kafin ya ba da kuɗinsa, malami kuma ya tabbatar aji duka nau'i ɗaya su ke riƙe da shi. Turancin littafin tsoho ne, jimlolinsa dogaye, saboda haka karanta shi da ƙarfi a aji, babi babi, ya fi barin yaro shi kaɗai da taƙaitaccen bayanin da a ke sayarwa don jarrabawa.

Babban kuskuren da za a guje wa shi ne a bar yaro ya fita da tunanin cewa ilmin kimiyya abin tsoro ne. Arewa tana bukatar likitoci da injiniyoyi da masu haɗa magunguna fiye da yadda ta ke da su, kuma da yawa daga cikinsu a cikin yaran nan da ke karatu a Agege da Sabo za su fito. Mahauci a kwata, da direban babbar mota, da mai sayar da magani a tasha, kowa ya san cewa aikin hannunsa yana iya taɓa ran wani, kuma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Uban da bai taɓa karanta Turanci ba yana iya zaunar da ɗansa bayan sallar isha'i ya sa ya ba shi labarin da Hausa, sa'an nan ya tambaye shi abin da ya kamata Victor ya yi a daren da siffar ta buɗe ido, da kuma ranar da a ka gurfanar da Justine. Daga amsar yaron uban zai san ko an karantar da shi littafin, ko kuwa haddar jarrabawa kawai ya yi.